Na Je New York Karɓo Zaren Inna

Daga Bakori zuwa Kano

Ladan bai yi kiran farko ba na riga na ɗaure kayana na zauna a kansu. Ruwan farko ya sauka, gari ya yi sanyi, mutane na ta shirin shuka. Na yi sallar asuba, na ja ƙofar ɗakina na sa kwaɗo, na miƙa wa Tabawa maƙwabciyata makulli, na ce ta riƙa ba kajina ruwa. Daga nan sai tasha.

Malama Hassana ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa, don ban taɓa zama a aji ba. Na ce mata yadda na faɗa haka za ta sa, kada ta sassauta mini ko kalma. Matan unguwa kun dame ni da tambayar abin da na gano a Amurka. To, ku zauna ku ji. Amma sai kun fara jin abin da ya kai ni, don ba yawon buɗe ido na je ba.

Innata mai kaɗi ce, kamar yadda nake. Ranar da za ta rasu tana zaune a inuwa da hantsi tana murza mazari, sai ta ajiye shi ta ce kanta na sara. La'asar ba ta yi ba Allah ya karɓi abinsa. Zaren da ta bari a jikin mazarin nan ya kai ƙwan agwagwa, siriri, sumul, ba kulli ko ɗaya. Lokacin ina goyon Garba, Garban da yau furfura ta cinye masa kai. Na naɗe mazarin da zarensa a farin ƙyalle, na sa a ƙwarya, na rufe da faifai, na rataye. Ban taɓa warware ko kamu ɗaya ba. Niyyata ita ce ya shiga cikin likkafanina. Na sani, malamai sun ce kowane farin ƙyalle ya wadatar, ban kuma ce sun yi ƙarya ba. Amma an rufe Inna da saƙin zaren hannunta, ni ma haka nake so, kuma ina so hannunta ya raka ni. Na kaɗa nawa zaren na tara, na kai wa Malam Audu, masaƙi ɗaya da ya rage mana a garin nan. Ya ce idonsa ya fara yin hazo, daga daminar bana zai tuge masaƙarsa, in kawo na Inna da wuri.

To, zaren ba ya hannuna. Garba yana New York yana tuƙa tasi, 'yarsa ta fari kuwa sunan Inna aka sa mata, shi ya sa muke ce mata Ummi. Kun san yadda abin yake. Ba na faɗin sunanta, ba na ɗaga mata murya, ba ta roƙon abu in ce a'a. Daminar bara ta zo hutu, ta ga ƙwaryar, ta buɗe, ta ce, "Kaka, ki ara mini in nuna a makaranta, zan dawo miki da shi." Uwata ce ke tambayar mazarinta. Me zan ce? Na ba ta. Kwanci tashi, duk sanda na kira Garba sai ya ce in ƙara haƙuri, sai ta gama karatu. Da suka aiko in zo bikin gama karatun, har Garba ya yi ta fama da takardu, na ce to. Su suna zaton biki zan je.

Direban da ya ɗauke mu ɗan Funtuwa ne, mai yawan surutu. Da ya ji inda za ni sai ya leƙo ni ta madubi.

"Hajiya, Amurka da kanki? Me za ki sayo mana?"

"Ba saye za ni ba. Abina zan karɓo."

"Ashe har can ana cin amanar tsofaffi."

"Kai dai dubi hanya."

Bayan Zariya masu bincike suka tsayar da mu. Wani dogo ya tura hannu a jakata, ya zaro audugar da na shiɓe na ƙunsa don in sami abin yi a can, ya ce ko katifa zan ɗinka a jirgi. Fasinjoji suka yi ta dariya. Na karɓe abina na mayar. Azahar ta same mu a Kano, na sauka gidan ƙanwar matar Garba, na ci tuwo, na ɗan miƙe ƙafa, suka kai ni filin jirgi.

Cikin jirgi

Abin da ya fara ɓata mini rai shi ne keken guragu. Garba ya rubuta musu wai ni tsohuwa ce, a riƙa tura ni. Ni da nake zuwa kasuwar Bakori da ƙafata in dawo da kaya a ka. Na ƙi hawa, suka ce in ban hau ba babu mai raka ni, zan ɓata. Na hau, na ja mayafi na rufe fuska don kada wani ɗan garinmu ya gan ni.

Jirgin sanyi ne da shi kamar randa. Aka kawo abinci a 'yan ƙananan gwangwanaye, na ci burodin na bar sauran. Muka sauka a wata ƙasar Larabawa, aka tura ni a keke daga wannan ƙofa zuwa waccan, aka sa ni a wani jirgin da ya fi na farko girma. Shi wannan ba ya ƙarewa. Na yi barci na farka, rana na nan. Na sake yi na sake farkawa, rana ba ta gusa ba. Na rasa azahar na rasa la'asar, na yi ta sallata a zaune, Allah ya karɓa. Yatsuna suna ta neman mazari a cinyata, babu.

Filin jirgin New York

Nan aka sako mini kare. Ƙato, mai kunnuwa a zube, wata mace cikin kayan sarki na riƙe da igiyarsa. Ya zo ya dinga shinshina jakata, jakar da dardumata ke ciki, ya zauna a gabanta. Aka tura ni wani ɗaki, aka zazzage kayana a kan tebur, har ɗan tofina a gaban maza. Suka yi ta Turanci, na yi ta kallonsu. Can wani ya danna waya ya ajiye tsakaninmu, sai na ji Hausa ta fito, Hausar mutanen Nijar.

"Hajiya, sun ce akwai iri cikin audugarki. Ba a shigowa da iri ƙasar ga."

Na ce, "Gaya musu ni na gurje ta da hannuna."

"Sun ce sun ga ƙwara biyu."

Saboda ƙwara biyu suka ɗauke audugar duka, suka jefa a wata leda, suka ɗaure. Kuka da kuɓewa busasshiya suka bar mini. Na tattara kayana ina huci.

Garba na tsaye a waje. Ya durƙusa ya gaishe ni a gaban Turawa, wannan kam ya yi daidai. Muna shiga motarsa na ce, "Ina mazarin?"

"Iya, ko ruwa ba ki sha ba."

"Na sha a jirgi. Ina yake?"

"Yana makarantarsu Ummi. Jibi za mu je ki gani da idonki. Za ki ji daɗi."

Bronx

Unguwarsu ana ce mata University Heights. Gidaje ne jajaye a jere, kowanne ya tashi sama kamar ana tura shi, ba tsakar gida, ba inuwar zama. Jirgin ƙasa ma a sama yake wucewa, a kan ƙarafa, yana girgiza tagogi. Wani akwati muka shiga ya ɗaga mu zuwa hawansu. Rabi matar Garba ta yi mini tuwon semo da miyar kukar da na kawo. Maƙwabciyarsu Hajiya Fati, mutuniyar zangon Kumasi, mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ta shigo da kwanon shinkafa da wake ta ce, "Maama, ka zo lafiya? Ka gaji ko?" Na waiga in ga namijin da take gaisarwa, ashe ni ce. Mace ce mai kirki, hannunta a sake.

Da yamma Ummi ta dawo. Ta yi tsawo, ta rungume ni har da ɗaga ni. Hausarta rabi da rabi ce, inda ta maƙale sai ta cike da Turanci. Na ce, "Uwata, ina ajiyata?" Ta yi dariya ta ce, "Kaka, furojet ɗina shi ya fi na kowa. Mutane suna ta zuwa. Sai kin gani." Ban san mene ne furojet ba, amma na ga tana murna, sai na haɗiye sauran tambayar. Kwana biyu na yi ina zaune bakin taga, hannu ba aiki, ina kallon motoci.

Ɗakin zane-zane

Ranar da aka sa, bayan mun karya, muka hau jirgin ƙasan nan mai wucewa a sama, lamba huɗu, ni da Garba da Ummi. Ya yi ta gudu a sama, can sai ya nutse cikin ƙasa, duhu, ƙara, mutane a tsaye kamar kara a ɗaure, ba mai gaida wani. Muka fito cikin tsakiyar birni, muka taka kaɗan zuwa makarantar.

Ɗakin da suka kai ni babba ne, fari tas, shiru kamar ana zaman makoki. An rataye zane-zane a bango, tsofaffi, cikin katako mai ruwan zinariya. Ummi ta ce wasu sun girmi kakan kakana, aro aka yi daga wurare. Dukansu mata ne, dukansu kuma suna kaɗi ko ɗinki. Ta riƙe hannuna tana bi da ni ɗaya bayan ɗaya.

Ban taɓa sanin matan Turawa sun yi kaɗi ba. Na ɗauka tun da aka halicce su inji ke yi musu. Wasu a tsaye suke yi, sun soke wata sanda a ɗamara da gashin tumaki a kanta, mazari na lilo a iska. Wasu da wata ƙafar keke suke yi. Wannan ba irin namu ba ne, ban kuma san shi ba, ban ce komai a kai ba. Amma akwai abin da na gani da bai yi mini ba. Ga wata yarinya, riga fes, wuya a buɗe, zare a hannu, ido a kan wani saurayi da ya leƙo ta taga. Na ce wannan ba zare mai zanen ya zo kallo ba. Ummi ta yi dariya ta ce abin da ta rubuta ke nan a takardarta.

Sai muka iso wata mata da barci ya sace a kan kujera, kai ya karkace, mazari ya faɗi ƙasa. Na tsaya. Na san barcin nan, na sha yin sa. Na ce, "Allah sarki, ta gaji."

Ummi ta ce, "A'a Kaka, mai zanen yana nufin raguwa ce. A lokacinsu in an zana mace ta yi barci a kan kaɗi, wa'azi ne a kan lalaci."

Na ji wani abu ya taso mini. Na ce, "Wa ya zana?" Ta faɗi sunan wani namiji. Na ce, "Ita fa, ya sunanta?" Ta ce ba a sani ba. Wato mace ta tashi tun duhu, ta ɗebo ruwa, ta hura wuta, ta ciyar da gida, sannan ta zauna ta kaɗa zaren rigar da ke wuyan ƙaton nan, barci ya ɗauke ta na ɗan lokaci, shi kuma ya zauna ya zana ta don duniya ta zo ta ga raguwa. Ya mutu, ta mutu, har yau tana rataye ana nuna ta, sunansa a rubuce a ƙasa. Na tambayi sunan kowacce da muka wuce. Babu ko ɗaya.

Guda ɗaya ce ta sanyaya mini rai, wata tsohuwa a bakin murhu, babban yatsanta ya baje kamar nawa, ta kai zare bakinta tana jiƙawa. Ita kam wanda ya zana ta ya zauna kusa da uwarsa. Na yi mata sallama a zuciyata.

Na ƙarshe mata uku ne, ɗaya na kaɗi, ɗaya na aunawa, ɗaya riƙe da almakashi. Ummi ta ce mutanen da can sun ɗauka ran mutum zare ne, su ukun nan ke yanke shi. Na nemi tsari da Allah na ce mu wuce.

A tsakiyar ɗakin akwai akwatin gilashi, da fitila a kansa. Mazarin Inna na ciki, a kwance a kan jan ƙyalle. Na gane shi tun daga nesa, da gululun yumɓun gindinsa mai ɓantararren gefe. Na matsa kusa. Tsirara yake. Ba zare ko sili.

Na ce, "Uwata, ina zaren?"

"Shi ne abin da na ce sai kin gani. Zo."

Ta ja ni bakin ƙofar fita. Ga ɗan tebur, ga faranti a kai, ga rubutu a gefe. A cikin farantin, zaren Inna ne, an yanyanka shi guntu-guntu, kowanne bai wuce tsawon tafin hannu ba. Wata Baturiya mai jar jaka na tsaye, ta ɗauki ɗaya, ta murza a yatsunta, ta yi murmushi, ta buɗe jakarta ta jefa.

Ummi ta ce, "Ai zane ba a taɓawa, Kaka. Sai na ce bari kowa ya taɓa na gaske, ya ji yadda hannun mace yake yi, ya tafi da shi gida ya riƙa tunawa. Kullum sai na ƙara yanka wani. Wannan ne na ƙarshe. Kuma dubi, na rubuta sunanta a nan. Ita kaɗai ce mai suna a ɗakin nan."

Bakina ya cika da magana, maganar da in na sake ta sai bangon nan ya tsage. Na dubi yarinyar, tana murmushi tana jiran in sa mata albarka. Sunan Inna ne a kanta. Na juya wajen ubanta.

"Garba."

"Na'am, Iya."

"Likkafanina ake rabawa a faranti kamar goron suna, kana tsaye."

Fuskarsa ta yi toka. Ummi ta tambaye shi da Turanci, na ji ta maimaita kalmar, likkafani, ba ta ma san ta ba. Ya gaya mata a hankali. Sai ta dafe bango, ta sulale ta zauna a ƙasa.

Malamarsu ta taho, wata Baturiya siririya mai farin gashi. Garba ya yi mata bayani. Ta rufe bakinta da hannu. Ba ta tsaya dogon zance ba, ta ɗauki farantin da hannu biyu ta miƙo mini, ta fita da gudu ta bi mai jar jakar har titi ta karɓo guntun nan. Na juye su a gefen mayafina na ƙulle. Na nuna gilashin na ce a buɗe. Aka ce mai makullin ya fita cin abinci. Na ce zan jira. Na shimfiɗa ɗankwalina na zauna a ƙasa, daidai ƙarƙashin matar da ta yi barci, masu kallo suna kewaye mu, har ya dawo ya buɗe, na ɗauki mazarin.

Titin 125

Na ce ba zan sake shiga ramin nan ba. Garba ya kira wani abokinsa mai tasi ya ɗauke mu, Ummi ta tsaya a makaranta. Muka yi nisa. Can Garba ya ce, "Iya, da kin gaya mata ko na mene ne."

Na ce, "In gaya wa wa? Budurwa zan zaunar in yi mata zancen likkafanina? A gidan wa aka taɓa yin haka? Inna ta gaya mini nata? A ƙarƙashin gado na same shi ranar da ta cika. Kai da ka girma a ɗakin da ƙwaryar ke rataye, me ya hana ka faɗa mata?"

"Ni ma ban sani ba, Iya."

"Ba ka taɓa tambaya ba."

"Na taɓa. Kika bi ni da muciya."

Direban ya yi tari ya ƙara wa rediyo murya. Na ce ni dai ba zan koma gidan nan yanzu ba. Sai Garba ya sa aka sauke mu a Harlem, titin da ake kira 125, inda mutanenmu ke kasa kaya a bakin hanya, turare da huluna da man kaɗanya. Wani ɗan Maraɗi mai tebur, sanin Garba ne, ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya aika aka kawo shayi. Ya ga fuskata ya tambayi Garba ko an yi rasuwa. Garba ya ba shi labari.

Ya ce, "Hajiya, kada wannan ya dame ki. Nan masallacinmu akwai likkafani cikin leda, an yanka an gama, na mata daban na maza daban, fari ƙal. In kina so yau ɗin ga in kawo miki guda, kado, ba ki biyan komi."

Da kyakkyawar niyya ya faɗa, na sani. Na ajiye masa shayinsa ban kurɓa ba, na ce Allah ya ba shi ladan kyautarsa, ya ajiye wa kansa. Na ce wa Garba mu tafi.

Bronx kuma

Washegari da hantsi na shimfiɗa farin ƙyalle a bakin taga, na kwance mayafina, na zuba guntayen. Abin da a da ya kai ƙwan agwagwa, yanzu tafin hannu ɗaya ya ɗauke shi. Na fara haɗi. Sai in warware bakin wannan kaɗan, in warware na wancan, in haɗa, in jiƙa da miyau, in murza a cinya. Zaren ya tsufa, ya yi rauni. In haɗa uku, na huɗu ya tsinke a wani wuri. Idona na ruwa. Na yi ta tsine wa almakashi da wanda ya ƙera shi.

Hajiya Fati ta leƙo da kwanonta, ta ga abin da nake yi, ta ajiye ta fita. Rabi na tafiya a kan yatsu. Ummi kuwa ta zauna a bakin ƙofar ɗakin, ba ta shigo ba, ba ta tafi ba. In ta gaishe ni in amsa, shi ke nan. Garba ne ke shan faɗan. In ya shigo in ce takalminsa na wari, in ya fita in ce ya gudu ya bar ni.

Ana nan, wata rana da la'asar Ummi ta dawo daga makaranta, ta durƙusa a gabana, ta buɗe hannunta. Guntaye ne 'yan kaɗan. Ta ce malamarsu ta yi cigiya, wasu sun dawo da nasu. Ɗaya har da jan-baki a jiki, wani ya yi baƙi da dattin aljihu. Ta ce, "Kaka, sori. Ki zage ni. Don Allah ki zage ni, ya fi mini wannan shirun."

Na ce, "Ba a zagin uwa."

Ta fashe da kuka. Na bar ta ta yi. Da ta lafa na miƙa mata bakin zaren na ce, "Riƙe nan. Kada ki ja." Ta riƙe. Haka muka yi ta yi har magariba, tana riƙewa ina murzawa.

Ranar bikin na je, don na riga na zo. Fili ne cike da mutane, yara cikin baƙaƙen riguna da huluna kamar faifai. Ana ta kiran sunaye a lasifika, ina zaune ina jan carbina. Sai na ji wani Bature ya kira sunan Inna. Ya karya shi, ya murguɗa shi, amma shi ne. Tun ranar da aka ɗauki gawarta ban ji an ɗaga murya an kira sunan nan ba. Ban san sanda na miƙe tsaye ba. Garba ya ɗauka murna ce, ya yi ta tafi. Na koma na zauna.

Komowa gida

Suka roƙe ni in ƙara wata guda, na ce Malam Audu ba zai jira ni ba. Na naɗe zaren a jikin mazarin, na sa a ƙirjina cikin riga, na ce duk karen da zai shinshina sai ya fara da ni. Ba wanda ya tambaya. Na hau keken guragu ba gardama, na bi ta ƙasar Larabawa, na sauka Kano da safe, na kwana, na kamo motar gida. Auduga ta tsiro a gonaki har ta yi ganye.

Ban sauke gajiya ba na nufi rumfar Malam Audu. Ya karɓi zaren ya bi shi da yatsu, don idon ya ƙara yin nisa.

Ya ce, "Hajiya, wa ya yi wa zaren nan haka? Ɓera?"

Na ce, "'Yan boko."

"Ba zai yi zaren tsaye ba, haɗin ya yi yawa. Ko a ƙoshiyar saƙa na sa shi, jifa ɗaya zai tsinke. Sai dai in bi da shi da hannu, sili-sili."

Haka ya yi, ina zaune a gefensa. Ya saka farin da na kaɗa har ya kai tsakiyar falle, sannan ya shigar da na Inna a hankali, yana lallaɓa shi. Kafin in gyara zama ya ƙare. Wurin bai fi faɗin yatsu huɗu ba. Ya fi sauran duhu, ya yi kalar ƙasa-ƙasa, da ɗan kurji-kurjin haɗi. Ya ci gaba da nawa har ya gama. Na ɗinka fallen a cikin mayafin kai, na naɗe duka, na sa a ƙarƙashin gado.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Tabawa, kajina ba wadda ta mutu. Na gode wa Hajiya Fati da kwanonta, da Baturiyar da ta yi gudu a titi saboda ni, da Malam Audu, Allah ya ba idonsa lafiya. Ummi tana kira duk Juma'a, ina ɗauka, muna gaisawa. Zancen almakashi ban yi mata ba, ba kuma zan yi ba. Garba ne dai har yanzu ban gama da shi ba.

Zancen likkafani ba a yin sa, na sani. Amma na ga abin da ya faru, don haka ke Hassana, rubuta wannan da kyau, ke da Tabawa ku ne za ku wanke ni. In kun warware mayafin za ku ga wani wuri mai duhu, kamar ya yi datti. Kada wadda ta wanke shi, kada wadda ta yanke shi. Ku juya shi ya zo daidai kuncina na dama, wanda za a kwantar a ƙasa.